Cacar intanet: Yadda Amurka ta haramta kuma ta halatta, da darasin da ke ciki ga jihohin Najeriya

A ranar Juma'a, 22 ga Nuwamban 2024, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukunci a kan wata ƙara da Jihar Legas ta shigar tun shekarar 2008. Alƙalai bakwai, bisa jagorancin hukuncin da Mai Shari'a Mohammed Idris ya karanta, sun yi ittifaƙi cewa Majalisar Dokoki ta Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi doka a kan caca da sauran wasannin sa'a. Saboda haka Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005, wadda ta kafa hukumar NLRC mai ba kamfanonin caca lasisi, ba za ta ƙara aiki a ko'ina ba sai a Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Kotun ba ta ce caca abu ne mai kyau ba, ba ta kuma ce mummuna ba ne. Tambayar da ta amsa ita ce: wa ke da ikon yin doka a kanta? Amsar kuwa ita ce majalisun jihohi. Legas na iya ci gaba da ba da lasisi tana karɓar haraji, Kano kuma na iya haramtawa, kowace a cikin iyakarta.

Sai dai cacar wannan zamani ba ta zaune a shago kaɗai. Tana cikin wayar salula, wayar kuwa ba ta san iyakar jiha ba. A nan ne tarihin Amurka ke da amfani, domin ita ma tarayya ce, ita ma kotun ƙolinta ta miƙa wa jihohi wannan iko a 2018, kuma kafin nan ta shafe shekaru tana gwada haramci. Abin da ya fito fili daga abin da ya faru a can shi ne, ko haramtawa hukuma ta zaɓa ko halattawa, dokarta ba ta yin tasiri sai ta riƙe abubuwa uku: hanyar da kuɗi ke bi, sanin wane ne mai cacar da inda yake, da kuma talla.

Yadda kamfanin caca ke samun ribarsa

Kafin a shiga tarihi, yana da kyau a fahimci irin kasuwancin da ake magana a kai, domin cacar wasanni da kartar intanet ba su da tsari ɗaya.

A cacar wasanni, mutum da kamfani ne ke karawa. A ɗauka ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya za su buga wasan da dole ɗaya ta yi nasara. Da adalci zalla ake bi, wanda ya sa Naira 1,000 ya ci zai karɓi Naira 2,000. Amma kamfani yakan sa farashin 1.90 a kowane ɓangare. Idan mutum ɗaya ya zaɓi wannan ƙungiya, wani ya zaɓi waccan, kamfanin ya karɓi Naira 2,000, zai biya wanda ya ci Naira 1,900, ya riƙe Naira 100. Ko wace ƙungiya ta yi nasara, kashi 5 cikin 100 nasa ne. Ba sa'a yake jira ba, lissafi ne ya riga ya gama.

Lissafin yana ƙara yi wa mai caca nauyi idan ya jera wasanni da yawa a tikiti ɗaya, kamar yadda matasa suka fi so. Wanda ya haɗa wasanni 10 irin na misalin nan, damar da yake da ita ta cin dukkansu ɗaya ce cikin 1,024. Da za a biya shi daidai da wannan haɗari, Naira 100 za ta zama Naira 102,400. Amma da farashin 1.90, abin da zai karɓa bai wuce kimanin Naira 61,300 ba. Wato la'adar kamfani ta tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 40 cikin 100. Wannan ne dalilin da ya sa irin waɗannan tikiti masu alƙawarin miliyoyi a kan ɗan ƙaramin kuɗi su ne kamfanoni suka fi tallatawa.

Wasan kartar da ake kira foka kuwa daban yake. 'Yan wasa ne ke karawa da junansu, kamfani yana matsayin mai masauki: ya tanadi teburi, ya raba karta, ya cire kamasho daga kowane zubi. Wannan tsari ya haifar da abubuwa biyu masu muhimmanci ga doka. Na farko, tun da ƙwarewa na tasiri a sakamakon, masu kare wasan sun daɗe suna jayayyar cewa ba caca ba ne. Na biyu, 'yan wasa kan bar kuɗaɗe masu yawa a asusunsu na kamfani, ta yadda kamfanin ke zama tamkar banki, ba tare da sa idon da ake yi wa banki ba.

Zamanin haramci a Amurka

Dokar tarayya ta farko da ta shafi lamarin ita ce ta 1961, wadda ta haramta amfani da layin waya wajen karɓar cacar wasanni daga wata jiha zuwa wata. An yi ta ne a lokacin da Robert Kennedy ke riƙe da ma'aikatar shari'a, da nufin karya gungun masu laifi da ke cin moriyar caca. A 1992 majalisar dokoki ta ƙara da wata doka da ake kira PASPA, wadda ta hana jihohi halatta cacar wasanni. Jihohi huɗu da suka riga suka fara wani nau'i nata, wato Nevada da Delaware da Montana da Oregon, aka bar su a kan abin da suke yi. Nevada ce kaɗai ke da cikakkiyar kasuwa.

Duk waɗannan dokoki an yi su ne kafin intanet ta shiga gidaje. A 1998 aka buɗe shafin farko da ake buga foka da kuɗi na gaske, kuma kamfanonin da suka biyo baya sun kafa ofisoshinsu a wajen Amurka, a tsibirai da ƙananan ƙasashen da ke ba da lasisi cikin sauƙi, suna karɓar kuɗin Amurkawa daga can.

Kasuwar ta bunƙasa ne a 2003, lokacin da wani akanta daga Jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbin shiga babbar gasar foka ta duniya ta hanyar wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars, ya kuma lashe gasar a Las Vegas ya tafi da Dala miliyan 2.5. Labarin ma'aikacin ofis da ya wayi gari miloniya ya ja dubban mutane. Gasar da mutum 839 suka shiga a 2003, a 2006 mutum 8,773 ne suka shige ta.

Gwamnati ta ga ba za ta iya kama kamfanonin da ke ƙetare ba, ba za ta kuma iya bin miliyoyin 'yan wasa gida-gida ba. Sai ta nufi inda suke haɗuwa, wato banki. A watan Oktoban 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar UIGEA, wadda aka cusa cikin wata doka ta tsaron tashoshin jiragen ruwa a ƙarshen zaman majalisa. Dokar ba ta mayar da ɗan wasa mai laifi ba. Abin da ta yi shi ne hana kamfanonin caca karɓar kuɗi ta katin banki ko ta tura kuɗi domin haramtacciyar cacar intanet, ta kuma ɗora wa bankuna alhakin toshe irin wannan hada-hada.

Tasirin ya zo nan take. PartyGaming, kamfanin da ya fi kowane girma a lokacin, ya fice daga kasuwar Amurka, darajar hannun jarinsa a kasuwar Landan ta faɗi da fiye da rabi a yini guda. Amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin wasu kamfanoni sun zauna, suka gaji abokan cinikin waɗanda suka tafi.

Ranar da kuɗin 'yan wasa ya maƙale

A ranar 15 ga Afrilun 2011, wadda 'yan foka ke kira Baƙar Juma'a har yau, ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya a New York, ƙarƙashin Preet Bharara, ya bayyana tuhuma a kan mutum 11 masu alaƙa da manyan kamfanoni uku: PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker. An ƙwace adireshin shafukansu, an kuma rufe asusun banki da dama. Daga cikin abin da aka tuhume su da shi har da yaudarar bankuna, ta hanyar nuna kuɗin caca a matsayin cinikin kayan ado da ƙwallon golf a wasu shagunan intanet na bogi.

Abin da ya biyo baya ya fi tuhumar kanta koyar da darasi. PokerStars ya mayar wa 'yan wasan Amurka kuɗinsu cikin makonni. Full Tilt ya kasa. A watan Satumbar wannan shekara masu gabatar da ƙara suka bayyana cewa 'yan wasa a faɗin duniya suna bin kamfanin kimanin Dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce kimanin Dala miliyan 60 ba. Sun zargi manyan kamfanin da rarraba wa kansu fiye da Dala miliyan 440 a cikin shekaru huɗu. Mutum na ganin adadi a allon kwamfutarsa yana zaton kuɗinsa na nan, ashe lambobi ne kawai.

A 2012 PokerStars ya yi sulhu da gwamnati a kan Dala miliyan 731, ya kuma karɓe Full Tilt. Duk da haka sai a 2014 'yan wasan Full Tilt na Amurka suka fara karɓar kuɗinsu, na Absolute Poker kuwa sai a 2017.

Wannan lamari ya ba kowane ɓangare hujja. Masu son haramci suka ce ga irin mutanen da ake son a ba lasisi. Masu son halattawa suka ce haramcin bai hana kowa wasa ba, ya dai tura mutane hannun kamfanonin da babu hukumar da ke duba littattafansu. Tun daga lokacin, tilasta wa kamfani ya ware kuɗin abokan ciniki daga kuɗin gudanarwarsa ya zama ɗaya daga cikin manyan sharuɗɗan lasisi.

Yadda aka buɗe ƙofa

A ƙarshen 2011 ma'aikatar shari'a ta fitar da fassarar da ke cewa dokar 1961 cacar wasanni kaɗai ta shafa. Wannan ya ba jihohi damar halatta kartar intanet a cikin iyakokinsu. A 2013 Nevada da Delaware da New Jersey suka fara.

Cacar wasanni kuwa sai da aka je kotu. Masu zaɓe a New Jersey sun amince da ita a ƙuri'ar raba gardama ta 2011, jihar ta yi doka a 2012, sai hukumar wasannin jami'o'i da manyan hukumomin wasanni huɗu na ƙasar suka kai ta ƙara. Jihar ta sha kaye a ƙananan kotuna sau da dama. A ranar 14 ga Mayun 2018 Kotun Ƙoli ta soke dokar PASPA. Hujjar da Mai Shari'a Samuel Alito ya rubuta ita ce, majalisar tarayya na iya tsara cacar wasanni da kanta idan ta so, amma ba ta da ikon umartar majalisun jihohi a kan dokar da za su yi ko wadda ba za su yi ba. Kamar dai a Najeriya, shari'ar ta iko ce, ba ta ɗabi'a ba.

Cikin wata guda Delaware da New Jersey suka fara karɓar caca. Zuwa 2024 jihohi 38 da birnin Washington sun halatta ta ta wata fuska. Ƙungiyar kamfanonin caca ta ƙasar ta ce a 2023 Amurkawa sun zuba kusan Dala biliyan 120 a halattacciyar cacar wasanni, kamfanoni suka riƙe kusan Dala biliyan 11 daga ciki. Kamfanoni biyu, FanDuel da DraftKings, su ne suka mamaye mafi yawan kasuwar.

Kowace jiha da tsarinta. Nevada na karɓar harajin kashi 6.75 cikin 100 na ribar kamfani, New York kuma, wadda ta buɗe cacar waya a Janairun 2022, na karɓar kashi 51. Utah da Hawaii sun haramta kowace irin caca. Masu zaɓe a Kalifoniya, jiha mafi yawan jama'a, sun yi watsi da ƙudurori biyu na halatta cacar wasanni a 2022.

Abin tambaya shi ne yadda haramcin Utah ke tsayawa alhali tana maƙwabtaka da Nevada. Amsar tana cikin sharuɗɗan lasisi. Dole kowace manhaja mai lasisi ta tabbatar da inda wayar take kafin ta karɓi ko kwabo, ta hanyar tauraron ɗan Adam da turakun sadarwa da na'urorin intanet da ke kusa. Idan mutum ya ƙetare iyaka zuwa jihar da ta haramta, manhajar ta daina karɓa. Dole kuma ta tantance suna da shekaru, waɗanda a mafi yawan jihohi 21 ne. Kamfanin da ya yi sakaci yana fuskantar tara ko rasa lasisi a jihar da yake samun riba. Wato jihar da ta halatta ce ke kare haramcin jihar da ta haramta.

Foka ba ta samu irin wannan karɓuwa ba. Jihohin da suka halatta ta a intanet ba su kai 10 ba. Harajinta kaɗan ne idan an kwatanta da na cacar wasanni, ta kuma fuskanci adawar attajirin gidajen caca Sheldon Adelson, wanda ya kashe dukiya wajen yaƙar cacar intanet. Bugu da ƙari, wasan na buƙatar jama'a da yawa a lokaci guda, abin da ƙaramar jiha ba ta da shi. Shi ya sa a 2014 Nevada da Delaware suka ƙulla yarjejeniyar haɗa 'yan wasansu, daga baya New Jersey da Michigan da West Virginia da Pennsylvania suka shiga. Jihohi ne suka daidaita tsakaninsu ba tare da jiran tarayya ba.

Abin da halattawa ta gyara da wanda ta ɓata

Halattawa ta kawo haraji, ta kare ajiyar abokan ciniki, ta kuma sauƙaƙa gano maguɗi. A Afrilun 2024 hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta kori Jontay Porter na ƙungiyar Toronto Raptors har abada, bayan an gano ya fice daga wasa da gangan domin wasu masu caca su ci. Kamfanoni masu lasisi ne suka lura da kuɗin da aka zuba ba bisa al'ada ba suka kai rahoto. A haramtacciyar kasuwa babu mai kai irin wannan rahoto.

Sai dai kasuwar bayan fage ba ta mutu ba. A shekarar dai aka gano Ippei Mizuhara, tafintan shahararren ɗan wasan Japan Shohei Ohtani, ya sace kusan Dala miliyan 17 daga asusun maigidansa domin biyan bashin wani ɗan caca marar lasisi a Kalifoniya. An ɗaure shi kusan shekara biyar.

Illa mafi girma ita ce wadda ba ta fitowa a kanun labarai. A da, mai son caca sai ya yi tafiya zuwa Las Vegas ko ya nemi dillalin ɓoye. Yanzu gidan cacar na aljihunsa dare da rana, ana kuma iya caca a kan kowane minti na wasa. Talla ta cika talabijin, hukumomin wasannin da suka kai New Jersey ƙara sun koma abokan hulɗar kamfanonin caca. Wani bincike da masana daga jami'o'in UCLA da USC suka fitar a 2024 ya gano cewa a jihohin da suka halatta cacar waya, matsayin jama'a wajen iya biyan bashi ya ragu, masu karyewar arziki kuma sun ƙaru. Wani binciken na wannan shekara ya nuna kuɗin cacar na fitowa ne daga abin da iyalai ke tarawa, musamman waɗanda dama suke cikin matsi.

Birtaniya, wadda ta riga Amurka buɗe ƙofa da dokarta ta 2005, ta shafe shekarun baya-bayan nan tana ja da baya. A 2019 ta rage mafi yawan abin da za a iya zubawa a injinan caca na shaguna daga Fam 100 zuwa Fam 2. A 2020 ta hana caca da katin bashi. Tana da rajista ɗaya da mutum zai sa sunansa a toshe shi daga dukkan shafukan da ke da lasisi. Ƙungiyoyin gasar Firimiya, wadda miliyoyin 'yan Najeriya ke kallo, sun amince su cire tallan caca daga ƙirjin rigunansu daga kakar 2026/27. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya zo ne bayan ɓarna ta riga ta auku.

Inda Najeriya ta tsaya

Cacar ƙwallo ta intanet ta kafu a Najeriya ne tun daga wajajen 2009, lokacin da aka kafa NairaBet, sai Bet9ja a 2013, daga baya irin su SportyBet da BetKing. Sauƙin tura kuɗi ta waya da sha'awar ƙwallon Turai da rashin aikin yi su ne suka yi mata taki. Shekaru da dama kamfanoni na biyan lasisi biyu, na tarayya da na jiha, abin da ya sa Legas, mai tata hukumar caca, ta dage da shari'a.

A Arewa kuwa batun ya sha bamban. Musulunci ya haramta caca a fili, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, kuma jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun daga Zamfara suna hukunta ta a dokokinsu. A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo 30 a unguwa ɗaya, bayan koke-koken iyaye da shugabannin al'umma. Hukumar NLRC ta ƙalubalanci matakin da hujjar cewa dokar tarayya ta halatta sana'ar. Hukuncin Kotun Ƙoli ya rushe wannan hujja, Hisbah kuma ta sanar da cewa za ta ci gaba da rufe shagunan.

A fuskar doka, jihar da ta haramta ta samu abin da take so. A aikace kuwa, rufe shago rabin aiki ne. Yaron shago a Kantin Kwari ko ma'aikaci a sakatariyar Audu Bako ba ya buƙatar zuwa ko'ina: manhajar kamfanin da ke da lasisin Legas na cikin wayarsa, asusun bankinsa na haɗe da ita. Ga 'yan kasuwa, haɗarin shi ne kuɗin ciniki da ke hannun yara. Ga ma'aikaci kuma, albashi ne da bashin manhajojin ba da rance, wanda yakan biyo bayan hasara.

A nan ne matsalar tsarin mulki ta bayyana. Abubuwa ukun da tarihin Amurka ya nuna su ne linzamin cacar intanet, a Najeriya kusan duk suna hannun tarayya. Harkar banki da sadarwa suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Babban Bankin Najeriya ne ke iya umartar bankuna da kamfanonin tura kuɗi. Hukumar NCC ce ke kula da layukan waya. Hukumar ARCON ce ke tantance talla. Lambobin BVN da NIN, waɗanda da su za a iya tabbatar da cewa mai caca ya kai shekara 18, su ma na hukumomin tarayya ne. Jiha na da ikon cewa a yi ko a bari, amma makullin ƙofar na hannun wani.

Wannan giɓi ne ya sa a 2025 'yan Majalisar Tarayya suka taso da wani ƙuduri na kafa hukuma ɗaya da za ta tsara cacar intanet a duk ƙasa, da hujjar cewa tana ƙetare iyakokin jihohi. Jihar Legas ta yi adawa da shi, tana mai cewa dawo da dokar da kotu ta soke ne ta bayan gida.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar ƙwace iko daga kowa, kuma ita ce wadda jihohin Amurka suka bi. Jihohin da ke ba da lasisi na iya sanya wa kamfanoni sharaɗin kada su karɓi caca daga wayar da ke cikin jihar da ta haramta. Jihohin da suka haramta na iya neman haka a hukumance, ta hanyar yarjejeniya tsakanin gwamnatoci, su kuma nemi Babban Banki da NCC su toshe hanyar kuɗi da shafukan kamfanonin ƙetare marasa lasisi. Majalisun jihohin Arewa kuma na da aikin duba dokokinsu, domin dokar da aka rubuta da tunanin gidan caca da 'yan karta a gindin bishiya ba lallai ta kama kamfanin da ba shi da ko ofis a jihar ba.

Jihohin da suka zaɓi halattawa su ma suna da nasu nauyin, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin da ke karɓar haraji daga caca ya wajaba ta tabbatar an ware ajiyar abokan ciniki, an hana ƙananan yara, an taƙaita talla, an samar da rajistar toshe kai, an kuma ware wani kaso na harajin domin kula da waɗanda cacar ta zame wa jaraba.

Amurka ta yi shekara 26 tsakanin dokar PASPA da soke ta, ta kuma ga hasara a ƙarƙashin haramci da ƙarƙashin halattawa. Jihohin Najeriya sun karɓi ikon ne a lokacin da wannan tarihi yake a buɗe a gabansu. Abin da ya rage shi ne a ga majalisar jihar da za ta fara rubuta dokar da ta ambaci waya da asusun banki, ba shago kaɗai ba.